Wayar Fanka a Hanyar Katagum

Mun tashi da asuba, ana sallame salla na tayar da mota, don tun jiya da yamma na ɗora kaya na duba mai da ruwa. Mu uku ne: ni, da Hajiya mahaifiyata, da wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin idonsa ya fara gajiya ya ajiye. Malam nake ce masa. Shi ya ce zai raka mu, yana da 'ya da take aure a can Katagum.

Dalilin tafiyar ba mai daɗi ba ne. Ranar Alhamis wani direban layin Katagum ya yi sallama a ƙofar gidanmu da saƙo: yayar Hajiya, wadda muke kira Inna, tana kwance, kwana biyar ba ta sa komai a baki ba, in ana son ganinta a zo. Wayar salula ta shigo Azare, ni ma ina da ita, amma can gidansu babu mai ita, don haka ba mu da hanyar jin ƙarin bayani. Hajiya kuwa gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa sosai, ba za ta iya motar haya da ake cusa mutum huɗu a layi ɗaya ba. Sai tawa.

Waɗanda suka san ni sun san motar. Tsohuwa ce doguwa mai kujeru layi uku, na saya a hannun wani da ya yi ritaya daga ofishinmu. Ni ba makanike ba ne, ma'aikacin ofishin gona ne, amma duk ranar Asabar za ka same ni a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke ƙofar gida da sufana a hannu, rabin jikina a cikin bonet. Juyen baƙin mai, wanke fulogi, kwance kafireto in wanke da fetur da tsohon burushin haƙori, duk da kaina nake yi. Da hannu ya saba sai na fara ƙare-ƙare. Na ɗaga bayanta saboda yashi. Na sa mata manyan fitilu biyu a gaba. Na haɗa akwatin sifika da katako na ajiye a but. Da aka sace motar wani a layinmu, sai na ja kebur mai kauri daga batir na sa wani makunni na ɓoye a ƙarƙashin kujerata, in na murɗa shi wuta ta yanke gaba ɗaya, har ta wayoyin da na jawo kai tsaye daga batir, ko ɓarawo ya haɗa waya ba za ta tashi ba. Na ƙarshe, sati uku kafin tafiyar nan, shi ne ƙarin fanka mai aiki da lantarki da na ɗaure a gaban lagireto, don motar tana ɗaukar zafi in ta shiga yashi. A wajen masu kayan Beljiyam na samo ta, na ja mata waya daga batir zuwa wani ɗan makunni kusa da sitiyari. Ban taɓa yin aikin da ya burge ni kamar wannan ba.

Hajiya ba ta taɓa yabon motar ba. Tagar ɗakinta tana kallon gindin mainar, kuma duk abin da take cewa shi ne mutanen kirki suna hutawa ranar Asabar, nata ɗan kuwa yana birgima a ƙasa.

Azare tana farkawa muka ratsa ta. Masu shayi sun hura wuta, mata masu ƙosai sun ɗora kasko, 'yan acaɓa suna goge babura a bakin tasha. Gidajen mai duk an ja sarƙa, sati biyu ke nan ana wahalarsa, sai na tsaya wajen 'yan bumburutu na ƙara galan biyu. Kuɗin galan ɗaya ya kusa sayen biyu a gidan mai. Na shinshina sosai ko an gauraya da kananzir, na kuma shimfiɗa hankici a bakin mazurari kafin a zuba, mai sayarwa yana ta yi mini kallon mai tsirfa. Malam ya ce ya yi daidai, ya taɓa kwana biyu a daji saboda ruwa cokali ɗaya a cikin tanki.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsayi hagu da dama, wake ya yaɗu a ƙarƙashi. Titin daga Azare zuwa Gadau da dama-dama, akwai ramuka amma ana iya kauce musu. Malam yana gaba kusa da ni, ba ya iya kallon wani yana tuƙi ya yi shiru. Ramin da ka ga ruwa a ciki kada ka yarda da shi. Kada ka taka birki a cikin rami, taka kafin ka isa. Na san duk wannan, amma na bar shi, don maganarsa tana rage nauyin shirun da ke bayanmu. Hajiya tun da muka fito carbi kawai take ja.

A Gadau muka karya. Ƙosan naira hamsin ya ishe mu mu biyu har ya ragu, ga koko mai zafi da aka zuba wa tsamiya da kyau. Na kai wa Hajiya nata a mota, ta kurɓa sau biyu ta mayar mini.

Bayan Gadau hanya ta canja hali. Ruwa ya ci gefen kwalta a wurare da yawa, wani wajen ma sai an sauka ƙasa an bi sawun motoci ta cikin yashi a sake hawowa. A irin wannan ratse ne na ga allurar zafi tana hawa. Abin da nake jira ke nan. Na miƙa hannu na danna makunnina, fanka ta ɗauka da ƙugi, kafin mu hau kwalta allura ta dawo tsakiya. Na dubi Malam.

"Ka gani? Da hannuna na yi."

"Na gani," in ji shi. "Allah ya ƙara basira."

Ba mu yi tafiyar minti goma ba muka faɗa wani rami da ban hango ba, motar ta buga har kwanon da ke but ya yi ƙara. Ina cikin ba Hajiya haƙuri na ji ƙaurin roba. Na ɗauka wani ne yake ƙona shara a gona. Sai Malam ya ɗaga ƙafafunsa sama ya ce, "Tsaya! Tsaya!" Hayaƙi ne yake fitowa daga ƙarƙashin dashbod, fari-fari, nan da nan ya koma baƙi.

Na sauka gefen titi na kashe mota. Injin ya mutu, amma hayaƙin sai ƙaruwa yake yi, har na fara jin tartsatsi yana faɗo mini a kan ƙafa. A nan kaina ya kulle. Na fita da gudu zan buɗe bonet, na manta ban ja abin buɗewa daga ciki ba, na dawo, hayaƙi ya cika gaban motar ban ga komai ba. Ina jin Hajiya tana jan marfin ƙofarta ba ta buɗuwa. Wannan ƙofar wata shida ke nan ba ta buɗuwa daga ciki, kullum ina cewa Asabar mai zuwa. Malam ne ya zagaya ya buɗe ta ta waje, ya kama hannunta yana ƙoƙarin sauko da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ga galan biyu na fetur da na zuba, ga tanki a bayanta.

Tana tari, rabin jikinta a waje, ta ɗaga murya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan! Abin nan da kake sunkuyawa kana murɗawa kullum da yamma fa?"

Na faɗa kan kujera, na rufe ido, na lalubo makunnin na murɗe. Ƙarar tartsatsin ta ɗauke nan take. Malam ya cire hularsa ya danne wata 'yar wuta da ta kama tabarmar ƙasa, ni kuma na ɗebo yashi da hannu biyu na watsa. Muka buɗe ƙofofi huɗu, hayaƙi ya fita a hankali.

A ƙarshe komai ya lafa. Na zauna a bakin kwalta. Hajiya tana tsaye ta dafa mota, mayafinta ya zame, tana maida numfashi. Na ce mata, "Hajiya, sannu. Ki yafe ni." Ta ce in tashi daga ƙasa, mutane suna kallo.

Akwai wata tsamiya kusa da wajen, wasu mata suna cirar gyaɗa a gonar da ke bayanta. Sun ga hayaƙin, suka taho. Ɗaya ta shimfiɗa wa Hajiya buhu biyu a inuwa, wata ta kawo ruwa a buta, suna ta jajantawa da Hausa da Fillanci. Da Hajiya ta amsa musu da Fillanci sai suka zauna kewaye da ita kamar sun daɗe da saninta.

Ni da Malam muka leƙa ɓarna. Ba a daɗe ba muka ga mafarin. Wayar fankata siririya ce, irin ta rediyo, kuma na zura ta ta wata huda a jikin ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, ban sa roba a bakin hudar ba. Sati uku ƙarfe yana cin rigar wayar kaɗan-kaɗan, ramin nan ya ƙarasa, ta taɓa bodi. Tun da kai tsaye daga batir na jawo ta, kashe mota bai hana ta ci ba. Malam ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake bi, sannan ya ɗago.

"Ina fis ɗinta?"

Na shiga laluben wayar kamar zan same shi a jikinta.

"Ba ka sa ba?"

"Na ce sai na ga tana aiki tukuna."

Ya saki wayar ya karkaɗe hannunsa.

Na yanke wayar daga kan batir na jefar, na mayar da wuta na murɗa makulli. Sitata ta juya, injin bai kama ba. Na sake, haka. Ashe da wayar ta yi ja ta narkar da na kusa da ita, guda huɗu sun manne wuri ɗaya kamar alewa, har da wadda take kai wuta koyil. Ƙarfe tara da 'yan mintuna lokacin.

Motoci ba su da yawa a hanyar. Ta farko da muka tsayar a cike take har saman but, akuya biyu a ɗaure. Ta biyu ko rage gudu ba ta yi ba. Wani mai babur ya tsaya ya ce zai kai Hajiya, muka dubi gwiwoyinta muka yi masa godiya. Na je na durƙusa gabanta na ce ta ƙara haƙuri, zan gyara.

"Za ka iya, ko in sa rai da wata motar?"

"Zan iya, in sha Allahu."

Ta dubi hanyar da ta miƙe arewa. "Mu tara aka haifa," in ji ta. "Ni da ita muka rage."

Na miƙe na koma mota.

Abin da na gode wa Allah a kai shi ne ba na tafiya ba akwatin kayan aiki. Akwai filaya, sukudireba, reza, salatif baƙi nadi biyu, da wani ƙwan fitila da na haɗa wa waya don gwada wuta. Abin da babu shi ne sabuwar waya. Na dubi manyan fitilun nan biyu da nake alfahari da su, na kwance su, na zare wayarsu tun daga gaba. Na sake yanke wuta, na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na fara raba wayoyin da suka manne da reza. Kowace sai na bi launinta na gano inda ta fito da inda za ta, na yanke inda ya ƙone, na yi mata ƙari, na naɗe. Malam yana riƙe da ƙwan gwaji, in na ce murɗa ya murɗa, ya ce mini ta kawo ko ba ta kawo ba. Gumi yana shiga idona, narkakkiyar roba ta manne mini a yatsu. Sau ɗaya na haɗa ba daidai ba, na murɗa makulli sai hon ya ɗauka, matan gonar suka kwashe da dariya, har na ji muryar Hajiya a ciki. Dariyar nan ta ƙara mini ƙarfi.

Kusan awa biyu da rabi muka yi. Hudar da ta jawo abin na yanko guntun tsohon tiyub na naɗe bakinta. Da na gama ta ƙarshe na zauna a kujera na yi bisimilla na murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Muka bar ta tana aiki, ni da Malam mun sa hanci a ƙarƙashin dashbod kamar masu neman ɓera, muna taɓa kowace waya ko ta ɗau zafi. Babu. Matan suka cika wa Hajiya leda da ɗanyar gyaɗa, suka ƙi karɓar komai, suka raka ta har mota. Wannan karon gaba muka sa ta, Malam ya koma baya.

Sauran tafiyar a hankali muka yi ta, gilashi a sauke. Babu ƙarin fanka yanzu, don haka duk inda muka fito daga yashi sai in tsaya in bar injin ya sha iska. Sau uku muka yi haka. Ƙasa ta fara sauka, fadama ta buɗe, ruwa kwance a gefen hanya, shinkafa kore shar, balbelu a bayan shanu. Masu kifi suna ɗago shi a igiya in sun ji mota. Ban iya kallon komai da kyau ba, hankalina rabi yana kan allura, rabi yana kan abin da za mu tarar.

Ana kiran azahar muka shiga Katagum. Tun daga bakin layinsu Inna na fara leƙen ƙofar gidan. Kowa ya san abin da ake dubawa: tabarmi a shimfiɗe, maza a zaune, butoci a jere. Hajiya ma ta daina jan carbi, ta dafa dashbod. Muka karyo kwana. Babu kowa a ƙofar sai wani mutum yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwar zaure, da tumaki biyu.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam daga baya, a hankali.

Hajiya ba ta jira na zagayo ba, da kanta ta buɗe ƙofa. Na kama ta muka shiga. Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, an jingina ta da bango da matashi biyu, ta rame har na ji tsoro, amma ga kwanon kunu a hannunta tana sha da ludayi. Ta ɗago ta ƙura wa ƙanwarta ido.

"Sai yanzu? Da mutuwa zan yi ai da kin tarar an share wuri."

Hajiya ta zauna kusa da ita, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu, ta kama hannunta ta riƙe. Hawaye suka zubo mata. Ni na fita zaure, don ban saba ganin haka ba.

Daga baya surukar Inna ta ba mu labari. Zazzaɓi ne mai tsanani, an yi mata allurai da ƙarin ruwa, ranar Alhamis ɗin da saƙo ya iso mana da yamma, a ranar zazzaɓin ya sauka ta nemi kunu. Babu wanda ya tuna ya aiko saƙo na biyu. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, na ci kamar wanda ya yi azumi, yatsuna har lokacin da baƙin roba. Ina ci ina jin Hajiya tana ba yayarta labarin hayaƙi, ta ƙara gishiri sosai, a bakinta wutar ta kai rufin mota. Inna ta sa aka kira ni ta ce in matso, ta ja kunnena da ɗan ƙarfin da ya rage mata, sannan ta sa mini albarka.

Muka kwana, washegari da hantsi ni da Malam muka juyo, Hajiya ta ce za ta yi sati. Na sayi busasshen kifi kwali guda a rabin kuɗinsa na Azare. Da muka zo tsamiyar nan na rage gudu, matan ba sa nan, sai guntayen ƙonanniyar waya a cikin yashi. Motar ba ta yi mana ko tari ba har gida, mun shiga Azare kafin la'asar.

Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki na je shagon wani mutumin kudu mai sayar da kayan mota, wanda ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na ajiye masa wayar da ta rage. Ya juya ta ya ce, "Alhaji, wannan ka ba fanka? Wannan ko rediyo sai da lallashi." Ya ɗauko mini mai kauri, da gidan fis, da rile mai rage wa makunni nauyin wuta, da 'yar robar da ake sa wa bakin huda, duka kuɗinsu bai kai na galan ɗaya na man da na saya a hanya ba. Daga nan na wuce wajen mai gyaran wayarin mota, na ce ya duba duk abin da na taɓa haɗawa tun da na sayi motar. Ya sami wuri biyu da bai yarda da su ba, ya nuna mini dalili, na tsaya a kansa na koya. Ƙofar baya kuwa wani ɗan ƙarfe ne ya zame daga maƙalinsa, minti goma sha biyar ya ɗauke ni.

Ga 'yan'uwa masu son taɓa motarsu da hannunsu, ba zan ce ku daina ba, ni ma ban daina ba. Da ban san cikin motar nan ba da ba mu bar gindin tsamiyar nan da wuri ba. Abin da na koya shi ne na fi son aikin da za a gani a yaba a kan wanda ba a gani, kuma wanda ba a gani ɗin shi ne yake riƙe da ran mutum. Duk wayar da za ta bar batir a sa mata fis tun a ranar, kusa da batir ɗin. In ka ƙara wani abu sabo, ka nuna wa wanda ya fi ka sani kafin ka ɗauki mutane. Kuma in akwai abin da ya lalace, shi za a fara gyarawa kafin a yi kwalliya.

Jiya direban layin Katagum ya sake sallama a ƙofar gida, na zaci mugun labari ne kafin ya buɗe baki. Ya ce Hajiya ta ce a gaya wa wancan ya zo ranar Asabar ya ɗauke ta, kuma ya gyara kujerar baya da kyau, don Inna ta miƙe, za ta biyo ta Azare ta ga likita. Na tambaye shi ko ta ce in samo musu wata motar. Ya ce a'a, cewa ta yi in zo da tawa.